Ranar da Na Kai Asirin 'Yata Zumunta

A gidanmu na Kakuri ƙarya ce uwar zunubi, sata ma a bayanta take. Yaro zai iya fasa kwano ko ya ɓarar da manja, a yi masa faɗa a wuce wurin. Amma ya kuskura ya ce ba shi ba ne, to ranar zai sha karatun labarin mata da mijin nan na Littafi Mai Tsarki da suka yi ƙarya a gaban manzanni suka faɗi matattu, bayan karatu kuma ga bulala tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Baban yara ne mai bulalar, ni ce mai kai ƙara. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka ban san abin da nake yi ba.

Shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, lokacin masaƙu suna da rai, jiniyarsu ce agogon unguwa. Baban yara yana aiki a ɗaya daga cikinsu, sashen rini, kullum ya dawo da farce shuɗi ko ja, ranar Lahadi kuma ya sa farar riga ya zauna a kujerar dattawan ikilisiya kusa da bagade, wurin da Fasto yake tsayawa a gaban majami'a. Ciki da falo muke haya a gida mai ƙofa tara, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Wanda bai taɓa zaman irin wannan gida ba bai san ido ba. In kin dafa wake an sani, in mijinki ya yi tari an ji. Mu kuwa gidan dattijo ne, ido biyu ake sa mana inda ake sa wa kowa ɗaya.

'Ya'yanmu uku a lokacin, duka mata. Ta tsakiyar ce wannan labari ya shafa. Shekararta tara, siririya, mai kai kamar me. Aya in an karanta sau biyu a addu'ar safe ta riƙe ta, kuma ita ce ke ɗaukar waƙa a makarantar Lahadi sauran yara su amsa. Matsala ɗaya ce da ita, fitsarin kwance. Ba kullum ba, amma ranakun jiƙa sun fi na bushewa.

Ni kuma mace ce mai ƙyanƙyami, haka Allah Ya yi ni. Zarni yana tayar mini da zuciya har cikin hanji. Duk asuba kafin a taru addu'a sai in lallaɓa falo in taɓa tabarmarta, in na ji sanyi in tashe ta da zungure, ba da lallashi ba. In naɗe tabarmar in kai bayan kicin in wanke da sabulun soda ina toshe numfashi, sannan in shanya ta a ƙarshen igiya in rufa mata tsohon zanina don kada a gane. Na yi mata masifa ba sau ɗaya ba. Na ce mata ƙanwarta mai shekara uku ta fi ta hankali. Duk da haka maganar ba ta taɓa fita daga ƙofarmu ba.

Wata safiya tana riƙe mini da bokiti, jikinta yana rawa don sanyi, ta ce, “Mama, don Allah kada ki gaya wa kowa.”

Na ce, “Wa zan gaya wa? Abin alfahari ne?”

Ta ce, “Ki yi alkawari.”

Na yi mata alkawari, hannuna cikin kumfa. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, ita kuwa ta ɗauka.

Da damina ta kama, surukata ta zo daga ƙauye da acca da daddawa, ta kwana biyu ta gano komai, don tsohuwa ba a ɓoye mata tabarma. Ta zaunar da mu ta ce abin mai sauƙi ne. A samo kwaɗo mai rai a ɗaura wa yarinyar a ƙugu, a ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, a tara yaran unguwa su bi ta suna kiranta amalala har bakin rafi. Yini ɗaya, kunya za ta warkar da ita. Ta ƙara da cewa, “Haka aka yi wa ubanta ya daina.”

Na duƙar da kai don kada dariya ta kuɓuce mini. Baban yara kuwa ya haɗe rai, ya ce, “Mama, wannan aikin duhu ne. Nan gidan Kirista ne, ba za a wulaƙanta mini yarinya ba. Addu'a za mu yi.”

Tsohuwa ta ce, “To, masu haske, Allah Ya ba da sa'a.” Ta ɗauki ƙunshinta bayan kwana uku ta koma. Ranar na ji daɗin mijina ƙwarai, na ce lalle mun fi mutanen da.

Daminar ta yi nauyi. Tabarma ba ta bushewa, sai in shigo da ita da danshi in jingine a bayan kujera, falon duk ya ɗauka. Muka yi addu'a, muka hana ta ruwa bayan faɗuwar rana, ba abin da ya sake. Na gaji, gaskiya na gaji. A cikin wannan gajiya na tafi zumuntar mata, taron matan majami'armu, ranar Alhamis da yamma.

Ga yadda muke yi a zumuntarmu. In an kusa tashi, akan zagaya da faranti, duk mai damuwa ta rubuta a 'yar takarda ta saka, ba suna. Uwar zumunta ta karanta ɗaya bayan ɗaya, a yi addu'a a kai. Wai don a rufa wa juna asiri ne ake ɓoye sunan. Asirin me? Mu da muka san takun juna. Ni da kaina na sha zama a wurin ina jin an karanta “wata 'yar'uwa mijinta ya koma burukutu,” in saci kallon benci na uku, in ga wasu ma can suke kallo. Na san wannan sarai. Amma na yagi takarda na rubuta cewa wata uwa tana roƙon addu'a domin yarinyarta mai fitsarin kwance, na ce wa zuciyata ai Allah nake gaya wa, ba mutum ba.

Uwar zumuntarmu ƙatuwar mace ce mai tabarau, matar wani ma'aikacin gwamnati, muryarta ba ta buƙatar lasifika. Tana lasar yatsa kafin ta buɗe kowace takarda. Ni ce mai rubuta jerin masu sharar majami'a, saboda haka rubutuna ta san shi kamar na ɗanta. Ta karanta, ta sauke tabarau, ta dube ni ta samansa.

Ta ce, “'Yan'uwa, addu'ar da ba suna ba ta da ƙarfi. Likita ma sai ya san sunan mara lafiya kafin ya rubuta magani. Matar dattijo, wacce ce a cikin ukun?”

Da na iya yin shiru. Da na iya cewa ba tawa ba ce, ko in ce Allah Ya san sunanta. Amma an kira ni matar dattijo a gaban mata, kuma mu gidanmu ba a ƙarya. Na ce, “Ta tsakiyar.”

Aka miƙe tsaye. Kowa ta ɗaga murya a lokaci guda, kamar yadda muka saba, kowa tana kama sunan 'yata. Wata tana cewa Ubangiji Ya ɗaure mafitsararta. Wata tana cewa Ya busar da tabarmar gidan dattijo. Wata ma har tana ba Allah labari, wai dama ta lura da zanin da ake rufawa a ƙarshen igiya. Tagogin majami'a a buɗe suke, yara suna wasa a ƙarƙashin mangwaro suna jiran iyayensu, tawa tana cikinsu da ƙanwarta a baya. Na buɗe ido a tsakiyar addu'ar na dubi fuskokin matan, na ga abin da har yau in na tuna sai yawu ya taru mini a baki. Daɗi suke ji. Amin ɗin da suka ja a ƙarshe irin na wanda ya suɗe kwanon miya ne.

A hanyar gida yarinyar ko waiwayowa ba ta yi ba. Tana gaba da goyo, ina baya da littafin waƙa.

Washegari aka fara. Gaisuwar safe a gidan ta canza, ta koma, “Ina kwana, matar dattijo, an tashi a bushe?” Maƙwabciyata ta ƙofa ta huɗu, ita ma 'yar zumunta, na kama ta da idona ta ɗaga zanin nan a kan igiya, ta shafa tabarmar, ta kai yatsu hanci ta shinshina. Da ta gan ni ko kunya, sai ta ce tana so ta san ko a ci gaba da addu'a ne. Tir. Ranar Lahadi matar Fasto ta tare yarinyar a bakin ƙofar majami'a, mutane suna wucewa, ta danna mata tafin hannu a mara ta rufe ido tana tsawata wa ruhun fitsari. Yaran unguwa kuwa ba su jira a tara su ba. Daga gida har makaranta amalala, daga makaranta har gida amalala. A makarantar Lahadi aka bar mata benci ita kaɗai, wani yana toshe hanci in ta wuce. Ta daina ɗaukar waƙa, malamarsu ta ba wata.

Na tuna da surukata. Nata kwaɗon na yini ɗaya ne, a kai yaro rafi a wanke shi a dawo gida. Namu na masu haske ba shi da ranar kwancewa, kuma kowa ya ɗaura shi yana jin ya yi aikin lada.

Sau ɗaya kawai ta yi mini maganar. Ina tankaɗen garin masara, ta tsaya a kaina ta ce, “Mama, kin ce ba za ki faɗa ba.”

Maimakon in ajiye rariya in rungume ta, sai zuciya ta ɗebe ni, don mai laifi ya fi kowa saurin fushi. Na ce, “Allah na gaya wa. Rufe mini baki, ki je ki ɗebo ruwa.” Ta ɗauki bokiti ta tafi.

Bayan kamar mako biyu, na taɓa tabarma da asuba na ji ta a bushe. Washegari ma haka. Mako ya zagayo, ƙamas. Na yi rawa ni kaɗai a bayan kicin. Da Alhamis ta zo ban jira faranti ba, na miƙe na faɗa da bakina, mata suka rangaɗa guɗa. Uwar zumunta ta ce abin da Allah Ya yi a fili ba a gode maSa a ɓoye, sai an yi shaida da godiya a gaban dukan ikilisiya. Fasto ya sanar daga kan bagade cewa Lahadi mai zuwa iyalin dattijo suna da shaida. Baban yara ya sayo zakaran da za a kai na godiya. Na kai atamfa wurin tela aka ɗinka wa yarinyar sabuwar riga. Ita dai ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba, ni ma ban tambaye ta ba.

A cikin kwanakin nan wani wari ya fara damuna a ɗaki. Na ce kwata ce, na zuba mata toka. Na ce mushen ɓera ne, na janye akwatuna ban ga komai ba. Har faɗa na yi da ta ƙofa ta huɗu, na ce fon ɗanta ne take ajiyewa a jikin tagarmu, muka zagi juna kamar ba tare muke cin jibin Ubangiji a majami'a ba.

Ranar Asabar, gobe shaida, yarinyar ta tafi kitso. Na ce bari in samo ɗan ƙyalle in yi mata ɗamara da zai dace da rigar. Baban yara yakan kawo ragowar yadi daga masaƙa, guntaye da ba su da amfani a wurinsu, ina tara su a buhu a can ƙuryar ƙarƙashin gado don cusa matashin kai. Na jawo buhun na ji ya yi nauyi. Na zura hannu har gwiwar hannu, yatsuna suka nutse cikin wani abu mai sanyi da yauƙi. Da na buɗe bakinsa sosai, zarnin da ya bugo ni sai da idona ya kawo ruwa. Ƙyallayen ƙasa duk sun jiƙe sun manne da juna, sun yi baƙar fumfuna, kyankyasai ƙanana suna gudu a kan hannuna. Na fita da gudu na yi amai a kwata.

Ina tsugune a wurin na gane. Kullum kafin ta kwanta takan saci ƙyallayen ta ninka ta kwanta a kai, ta riga ni tashi ta cusa su a ƙasan buhun, ta koma ta kwanta a busasshiyar tabarma tana jiran in zo in taɓa. Fitsarin bai tsaya ba. Ni ce ta daina bari in sani.

Da jiniyar rana ta busa Baban yara ya dawo, na ja shi ɗaki na nuna masa. Ya toshe hanci da hularsa, ya koma falo ya zauna yana kallon farcensa. Can ya ce, “An riga an sanar.”

Na ce, “Baban yara, ba ta warke ba.”

Ya ce, “Ki faɗa da bangaskiya. Abin da muka furta, Ubangiji zai cika shi.”

Na ce, “Wannan ba ƙarya ba ce?”

Ya ce, “In muka fasa, me za a ce? Addu'ar zumunta ta faɗi a gidan dattijo? Ki yi tunani mana.”

Na yi tunanin. Na tuna fuskar Uwar zumunta, na tuna ta ƙofa ta huɗu da yatsunta a hanci, na tuna zakara a ɗaure a bayan kicin. Abin da ban tuna ba shi ne wadda ta tafi kitso. Na ƙulle bakin buhun na sa a cikin kwando na rufe da shara, na kai bola can nesa da gida. Na dawo na wanke ƙarƙashin gadon, na wanke hannuna sau uku, warin bai bar ni ba.

Ta dawo da kitsonta mai kyau, ta shiga ɗaki. Ina kallonta ta labule, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta daɗe a haka. Sannan ta fito ta dube ni. Na ce ta zo ta gwada rigarta, ta zo ta gwada.

Ranar Lahadi majami'a ta cika. Da aka kira mu, matan zumunta suka tashi da kiɗan tulu da caki, suka rako mu da rawa tun daga ƙofa har gaban bagade. Ni a gaba cikin anko, Baban yara da farar rigarsa, yarinyar a tsakaninmu rungume da zakara. Aka miƙo mini abin magana. Na buɗe bakin nan nawa, wanda ya sha kai ƙarar yara kan guntun nama, na ce Ubangiji Ya ji addu'ar bayinSa, 'yata da take fitsarin kwance yau mako uku ke nan tabarmarta a bushe. Wanda ma bai sani ba a da, ranar ya sani. Aka yi tafi, aka yi guɗa, Uwar zumunta tana share hawaye da bakin mayafi.

Na sunkuya don in ɗaga hannun yarinyar sama, muka haɗa ido. Na zaci zan ga kuka ko fushi, da sun fi mini sauƙi. Kallon da ta yi mini na san shi, domin nawa ne. Shi nake yi wa tabarmarta kowace asuba in na ɗago ta da yatsu biyu.

Ranar Litinin muka taru addu'ar safe kamar kullum. Baban yara ya rufe littafi ya yi tambayar da yake yi kowace rana, ko akwai mai laifin da zai furta kafin mu yi addu'a. Babbar ta ce ta lashi madarar ƙanwarta, aka yi mata gargaɗi. Ta tsakiyar tana kallon bulalar da ke bayan ƙofa, sannan ta dubi ubanta, ta dube ni. Baban yara ya yi addu'a mai tsawo, na ji ƙyamar muryata da na ce amin.

Ban san ranar da ta daina ba. Daga wannan mako ta karɓi wankin kayanta da kanta, ta koma rufe ƙofa in za ta sake zani, ni kuma ban da fuskar da zan taɓa tabarmarta. Wata rana dai na lura ba zarni a gidan, shi ke nan.

Yanzu tana Unguwar Boro da mijinta da 'ya'yanta. Ba ta rage ni da komai ba, ita ce mai kawo mini magani, ita ce mai aiko da doya. Amma damuwarta a bakin wasu nake ji. Da aka yi mata aiki a ciki, sai bayan an sallame ta yayarta ta gaya mini. Na shiga mota na je, na same ta zaune a falo tana dafe da gefen ciki. Raina ya ɓaci, na ce, “Yanzu a yanka ki a ɗinke, uwarki tana garin nan ba ta sani ba? Ko ba komai ai na sa ki a addu'a.”

Ta yi murmushi ta ce, “Shi ya sa, Mama.”

Sannan ta dafa kujera ta miƙe a hankali, ta tafi kicin ta zubo mini abinci.